Yadda Ake Gane Kuza da Sauran Ma'adinan Filato, a Kuma Raba Su

Duk wanda ya taɓa wanke ƙasar rafi a Bukuru, Rayfield, Barikin Ladi ko Bisichi ya san abin da ke kwantawa a gindin ƙwarya bayan ruwa ya tafi da laka: baƙin yashi mai nauyi, mai ɗan ƙyalli. Sabon shiga yakan ɗauka duk kuza ce. Alhali a cikin wannan yashi akwai ma'adinai shida ko bakwai a cakuɗe, kowanne da farashinsa. Wani ana sayensa kilo-kilo, wani sai an tara shi tan-tan kafin a samu mai taya shi, wani kuma yana da illa ga lafiya idan aka ajiye shi a ɗaki. Mafi yawan asarar mai haƙa tana faruwa ne tsakanin bakin rami da sikelin mai saye, domin wanda bai san abin da ke cikin buhunsa ba dole ya karɓi farashin da aka yanka masa.

Inda suke kwance

Asalin kuzar Filato wasu duwatsu ne da suka kutso daga ƙarƙashin ƙasa a narke, suka daskare a zagaye kamar zobe, shekaru miliyan 150 zuwa 200 da suka wuce. Daga cikin manyansu akwai na Jos da Bukuru, akwai kuma na Ropp, da na Liruwai a kudancin jihar Kano, da na Afu a Nasarawa. Danginsu sun miƙa arewa har tsaunukan Azbin a Nijar, inda aka daɗe ana haƙar kuza a El Meki. Ruwan sama na miliyoyin shekaru ya ruɓar da saman waɗannan duwatsu, ya kwashe abin da ba shi da nauyi, ya bar masu nauyi a kwaruruka. Saboda haka a wurare iri uku ake neman kuza.

Na farko shi ne tsakuwar rafi, ta yanzu ko ta tsohon rafin da ƙasa ta binne. A nan kuza takan taru a ƙasan tsakuwar, daf da dutsen da ke shimfiɗe a ƙarƙashi, musamman a ramuka da tsagogin dutsen, da cikin kwanar rafi inda ruwa ke rage gudu. Wanda ya tsaya haƙa da zarar shebur ya taɓa dutse, bai kankare taƙi ɗaya na ruɓaɓɓen samansa ba, ya bar mafi kyawun kayan a baya. Wasu tsofaffin rafukan ma baƙin dutsen aman wuta ne ya rufe su, shi ya sa ramukan loto, waɗanda ake haƙawa da hannu kamar rijiya, suke yin zurfi sosai kafin su kai ga ƙasar wanki, wato wadda ke ɗauke da kuza.

Na biyu shi ne ruɓaɓɓen dutsen kansa, wanda ya yi laushi har diga na shigarsa. A yankin Rayfield irin wannan ƙasa ce ke ɗauke da wani baƙin ma'adini mai suna kolombayit, ƙwayoyinsa ƙanana ƙwarai, masu kaifin gefe domin ruwa bai mirgina su ba. Na uku shi ne jijiya a cikin dutse mai tauri, kamar ta Liruwai, inda kuza ke haɗe da wulfuram da ma'adinin tutiya. Can wajen Wamba da Jama'a kuma akwai wasu jijiyoyi na daban, masu manyan ƙwayoyi, da ke ba da kuza tare da tantalayit.

Akwai wuri na huɗu da mutum ne ya samar da shi: juji da tarin yashin da kamfanonin Turawa suka bari. Tun kafin zuwansu maƙeran Liruwai suna narka kuza su zuba ta sanduna sirara kamar tsinke, fatake su kai Kano. Wannan ne ya jawo hankalin kamfanin Niger Company ya bi sawu har tsaunin Jos a farkon shekarun 1900. Jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, aiki ya bunƙasa, a 1943 aka fitar da sama da tan 17,000 a shekara ɗaya. A shekarun farko kuza kaɗai ake nema, kolombayit kuwa datti ne da ke rage mata daraja, ana zubar da shi. Sai a farkon shekarun 1950, da Amurka ta shiga tara shi, aka koma ana tonon jujin. Zirkon da monazayit ma haka suka yi ta zama a zube. Don haka kafin ka taɓa tsohon juji, bincika shekarun da aka zuba shi da ko an sake wanke shi. Wanda aka wanke sau biyu da wuya ya ba da kuza mai kauri, sai dai 'yar gari da zirkon da monazayit.

Samfuri kafin a zuba kuɗi

Kada ka yanke hukunci a kan ƙwarya ɗaya da aka ɗebo daga wurin da ya fi baƙi. Tsaga layi a bangon ramin daga saman ƙasar wanki har ƙasanta, faɗinsa da zurfinsa ɗaya ko'ina, ka tara duk abin da ya zubo a bokiti mai lita 20. Bokiti 50 irin wannan su ne mita ɗaya ta ƙasa, wato tsawo da faɗi da zurfi duk mita guda. Wanke bokitin gaba ɗaya, busar da abin da ya rage, cire abin da ba kuza ba, sannan ka auna. Idan ka samu giram 15, to ƙasar tana ba da kusan giram 750 a kowace mita. Ka tuna ƙasar da aka haƙe tana kumbura, ta fi cin wuri a bokiti fiye da yadda take a bango, don haka wadda ke cikin bango ta ɗan fi lissafinka arziki. Yi haka a wurare biyar ko shida masu nisa da juna. Kuza ba ta kwanciya bai ɗaya, taku goma na iya raba wurin riba da wurin asara. Sannan ka auna kaurin ƙasar banza da ke sama, domin ita ce ke cin kuɗin lebura da man injin ruwa.

Wanki

Ruwa yana raba kaya ne bisa nauyi. Idan aka ɗauki nauyin ruwa a matsayin 1, farin yashi yana da 2.65, kuza kuwa tana da kusan 7. Wannan tazara ce ta sa wanki ke yiwuwa da ƙwarya kawai. Sai dai abubuwa uku suna ɓata shi.

Babba a cikinsu yumɓu ne. Curin yumɓun da bai narke ba yana mirginawa a cikin kwamin wanki, wato dogon akwatin da ruwa ke bi yana wanke ƙasa, ƙwayoyin kuza suna manne masa, ya fice da su ta ƙasa. Jiƙa ƙasar tun dare, a tattake ta ko a dama da shebur har ta zama ruwa-ruwa kafin ta shiga kwami. Idan kana ganin curi-curi a wurin da yashin banza ke zuba, ɗauki ɗaya ka murje a ƙwarya, za ka ga abin da kake zubarwa.

Na biyu rashin tankaɗe. Babbar tsakuwa mara nauyi da ƙaramar ƙwayar kuza suna nutsewa a ruwa kusan lokaci ɗaya, kuma ruwan da ke da ƙarfin tura dutse mai girman ƙwai zai tafi da kuza mai laushi. A fara tace ƙasar da rariya mai ramin milimita 10 ko ƙasa da haka. Abin da ya tsaya a saman rariya a duba shi da ido kafin a zubar, domin a nan ake tsintar manyan ƙwayoyin kuza, wani lokaci da tofaz, wani dutse mai haske fari ko mai ɗan shuɗi-shuɗi da ke iya karce gilashi cikin sauƙi.

Na uku gangara da yawan ruwa. Fara da gangarar taƙi 1 a kowane tsawon taƙi 12, sannan ka gyara da ido. Idan farin yashi ya cika bayan katakan da aka gitta har ya daskare, gangarar ta yi kaɗan ko ruwan bai isa ba. Idan kuwa kana ganin ƙasan kwamin fes a bayan katakan, ruwan ya yi ƙarfi, yana share kayan. Abin da ake so shi ne yashin da ke bayan kowane katako ya riƙa motsi a hankali, bai daskare ba, bai kuma tashi ba. A riƙa zuba ƙasa kaɗan-kaɗan ba tare da yankewa ba. Juye baro guda a lokaci ɗaya yana toshe komai. Kowace sa'a, ɗebi ƙwarya ɗaya daga bakin da yashin banza ke fita ka wanke. Idan baƙi ya fito da yawa, tsayar da aiki ka gyara.

A wankin ƙarshe da ƙwarya ko daro, kada a yi zarin tsabta. Mai son ya ga kayan sun yi baƙi ƙirin tun a rafi yakan zubar da kolombayit, domin ya fi kuza sauƙi kuma a gefen ƙwarya yake taruwa, tsakanin kuza da farin yashi. Gara a bar ɗan datti a kai shi wurin tacewa.

Kayan jijiya kuma, da sai an daka, suna da nasu tarkon. Kuza tana da tauri amma tana da saurin farfashewa. Idan aka niƙa ta ta zama gari kamar na tuwo, ruwa zai tafi da ita yana yawo, babu kwamin da zai kama ta. A daka kaɗan, a tankaɗe, a wanke abin da ya wuce rariya, sannan a sake daka abin da ya rage.

Su wane ne a cikin baƙin yashin

Kuza launinta daga ruwan ƙasa mai duhu zuwa baƙi, wasu ƙwayoyin ja-ja ko ruwan zuma. Tana ƙyalli irin na gilashi mai maiƙo, ba irin na ƙarfe ba. Taurinta 6 zuwa 7 a ma'aunin da lu'ulu'u ke da 10, don haka wuƙa ba ta karce ta. Tsantsarta tana ɗauke da kusan kashi 78 cikin 100 na ƙarfen da ake nema, wanda ake shafe gwangwani da shi, ake kuma like wayoyin lantarki.

Kolombayit baƙi ne, ƙyallinsa ya fi kama da na ƙarfe, ƙwayoyinsa sau da yawa falle-falle ko dogaye. Nauyinsa ya fara daga 5.2, yana ƙaruwa gwargwadon yawan tantalam da ke cikinsa, har ya kai kusan 8 a tsantsar tantalayit. Na duwatsun Jos niyobiyam ne ya fi yawa a ciki, shi ake sa wa ƙarfe don ya ƙara ƙarfi. Na Wamba da Jama'a ya fi tantalam, ya kuma fi tsada.

Ilmenayit shi ne babban mai ruɗi. Baƙi ne, yana ƙyalli, yana da yawa, nauyinsa 4.7, kuma a ido da wuya a raba shi da kolombayit. Farashinsa bai kai ko kusa ba. Tare da shi akwai maganatayit, baƙin yashin da ke manne wa kowane irin maganaɗisu.

Wulfuram nauyinsa 7 zuwa 7.5, kusan ɗaya da kuza, amma taurinsa 4 zuwa 4.5 ne kawai. Wuƙa tana karce shi, kuma yana tsagewa falle-falle da fuska mai santsi. An fi samunsa kusa da jijiya, domin ba ya jure doguwar tafiya a rafi.

Zirkon da monazayit ba baƙaƙe ba ne, su ne ke sa kayan su yi ja-ja ko rawaya-rawaya. Zirkon ruwan ƙasa ne ko ja mai haske, nauyinsa 4.6 zuwa 4.7, taurinsa 7.5. Monazayit ruwan zuma ne, ƙwayoyinsa a mulmule, nauyinsa kusan 5, taurinsa 5 zuwa 5.5.

Gwaji huɗu, a jere

Babu gwaji ɗaya da ya isa shi kaɗai, kuma jerin yana da muhimmanci. Kafin komai kayan su bushe sarai. Jiƙaƙƙen yashi yana manne wa juna, ya ɓata kowane gwaji.

A fara da maganaɗisu, iri biyu. Na tsohuwar lasifika ba shi da ƙarfi sosai, shi zai ɗauke maganatayit. Na biyu shi ne ƙarami mai farin ƙyalli, irin wanda ake cirowa daga ma'ajiyar tsohuwar kwamfuta. Saka kowanne a cikin leda kafin ka kusanta shi da kayan, in ba haka ba ba za ka iya share shi ba. Baza cokali ɗaya a kan farar takarda, kaurin ƙwaya ɗaya. Wuce da mai ƙarfin a sama, tazarar kaurin yatsa: abin da ya yi tsalle ya kama yawanci ilmenayit ne. Sauko da shi har ya kusa taɓa kayan: kolombayit da wulfuram za su biyo. Monazayit sai an taɓa shi, kuma da kyar yake riƙewa. Abin da ya rage a takarda bai motsa ba, kuza ce da zirkon da farin yashi da tofaz. A lura, wasu ƙwayoyin kuzar Filato suna da ƙarfe a jikinsu, maganaɗisu mai ƙarfi yana ɗaga su. Don haka abin da ya kama ma sai an gwada shi da asid kafin a ce babu kuza a ciki.

Na biyu launin gari. Ɗauki ƙwayoyi biyar ko shida masu kama ɗaya, murƙushe su tsakanin guduma da ƙarfe mai tsabta, shafa garin a farar takarda da yatsa. Duk baƙin kuza, garinta fari-fari ne ko ruwan ƙasa mai haske. Na kolombayit ja ne mai duhu zuwa baƙi. Na ilmenayit da maganatayit baƙi ne. Na wulfuram ruwan ƙasa ne mai ja. Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo, kuma shi ne mafi saurin tona asirin buhun da aka cika da ilmenayit.

Na uku shi ne gwajin tutiya, wanda ba ya ƙarya a kan kuza. Ana bukatar farantin tutiya. Idan babu, fasa tsohon batirin tocila na gargajiya, kwanson da ke ƙarƙashin takardarsa tutiya ce. Wanke shi, kankare shi har ya yi haske, lanƙwasa gefensa ya zama ɗan faranti. Kwanon rufi ba ya yi, domin tutiyar da ke kansa shafe ce kawai, asid zai cinye ta nan take. Haɗa asid ɗin haidirokulorik kashi 1 da ruwa kashi 3, kuma asid ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a cikin asid. Baza ƙwayoyin a farantin yadda kowace za ta taɓa tutiyar, zuba asid ya rufe su. Zai yi ta kumfa. Bayan minti 5 zuwa 10 a tsiyaye, a ɗauraye da ruwa. Kowace ƙwayar kuza za ta fito da rufi mai launin toka, idan aka goga ta da tsumma ta yi haske kamar azurfa. Sauran duk suna nan yadda suke. Idan gwajin ya ƙi, dalili ɗaya ne cikin uku: ƙwayoyin sun hau kan juna ba su taɓa tutiya ba, ko tsatsa ta lulluɓe su (a fara jiƙa su a asid ɗin kaɗai, a wanke), ko asid ɗin ya salance. A yi shi a fili, nesa da wuta da taba sigari, domin iskar da ke fita tana kamawa. A sa safar hannu da tabarau. Ƙirga ƙwaya 100 masu girma ɗaya ka ga nawa suka yi toka. Kason kuza a nauyi zai ɗan fi abin da ka ƙirga, tunda ta fi abokan zamanta nauyi.

Na huɗu shi ne awon nauyi da ruwa, kuma shi ne ke ba da lamba da za a iya ciniki da ita. Ana bukatar sikeli mai auna giram da kwalbar awo mai mililita 250. Zuba ruwa zuwa layin 100. Auna busassun kaya giram 500 cif, zuba a hankali, bubbuga kwalbar har kumfar iska ta fice, sannan ka karanta yadda ruwan ya hau. Tsantsar kuza za ta ɗaga shi da kusan mililita 71. Tsantsar ilmenayit ko zirkon za ta ɗaga shi da 106. Tazarar 35 ke nan, wato kowane mililita ɗaya kusan kashi 3 cikin 100 ne. Idan ruwan ya hau da 80, cire 80 daga 106, ka raba 26 da 35: kuza kusan kashi 74 ce cikin 100 na kayan, ƙarfen da ke ciki kuma kusan kashi 58. Kayan da ake kira masu kyau, masu ƙarfe kashi 70, ba za su ɗaga ruwan fiye da 75 ba.

Kada a yi wannan awo da giram 100. Kuskuren mililita ɗaya a nan ya kai kashi 14, lambar ba ta da amfani. Farin yashi ma yana ɓata shi ƙwarai: giram 25 kacal a cikin 500 zai sa kaya masu kashi 95 su fito kamar masu 83, mai kaya ya cuci kansa. Wulfuram da tantalayit kuwa ta ɗaya gefen suke ruɗi, suna sa kayan su fito kamar tsantsar kuza. Shi ya sa maganaɗisu ke zuwa da farko.

A wurin tacewa

Abin da aka yi da hannu a kan takarda shi injuna ke yi a shed-shed, wato rumfunan tacewa, na Jos da Bukuru. Ana busar da kayan, a tankaɗe su gida uku ko huɗu bisa girman ƙwaya, a bi da kowane gida daban. Tebur mai girgiza, na ruwa ko na iska, yana cire ragowar farin yashi. Daga nan sai injin maganaɗisu mai faifai uku, kowane faifai ya fi na gabansa ƙarfi: na farko ya ɗauke ilmenayit, na biyu kolombayit, na uku monazayit. Dole a cire maganatayit tun kafin nan, in ba haka ba ya toshe bakin faifan. Abin da ya wuce bai kamu ba kuza ce da zirkon, kuma maganaɗisu ba ya raba su. Sai injin lantarki mai gangar ƙarfe da ke juyawa: kuza tana sakin cajin da aka sa mata ta faɗo gaba, zirkon yana riƙe nasa ya manne wa gangar har buroshi ya share shi.

Wannan inji na ƙarshe ba ya son laima ko kaɗan. Da damina sai an ɗumama kayan an zuba su da ɗuminsu, da hunturu kuwa aiki ya fi sauƙi. Amma wajen busarwa a kan faranti da wuta, kada a bari ƙarfen ya yi ja. Zafi mai yawa yana canza yadda ma'adinai masu ƙarfe ke amsa maganaɗisu, sai rabuwar ta rikice. Mai kaya ya tsaya a kan kayansa, ya karɓi kowane kaso da aka fitar, har da na tsakiya wanda bai rabu sosai ba. A wannan na tsakiya ne kolombayit ke ɓuya, kuma sake bi da shi sau ɗaya ko biyu yakan biya kuɗin aikin. A tabbata an share injin kafin a zuba, don kada ragowar kayan wani ta shiga naka, ko naka ya zauna a ciki.

Manyan masu saye yanzu suna da na'urar hannu da ke haska kaya ta faɗi kason kowane ƙarfe. Tana da amfani, sai dai fatar sama kawai take karantawa, a wuri mai faɗin farce. Kaya masu nauyi kuma suna nutsewa ƙasan buhu a kan hanya. Juye buhun duka a kan leda, gauraya, raba shi huɗu, ɗauki kashi biyu masu fuskantar juna, sake gaurayawa, har ya rage kamar kofi ɗaya. Niƙa wannan ya yi laushi, a haska shi sau uku a wurare daban, a ɗauki matsakaici. A kolombayit a nemi a ga lambar niyobiyam da ta tantalam kowacce daban, domin ta biyun ce ke ɗaga farashi. Laima kuma a auna ta a gaban kowa: kilo ɗaya a sikeli, a busar, a sake aunawa. Idan kayan za su cika mota, kuɗin kai samfuri ɗakin gwaji, irin na cibiyar binciken ƙarafa ta tarayya da ke Jos, bai kai asarar kashi biyu cikin ɗari ba.

Monazayit da yashin da ya rage

Monazayit yana ɗauke da toriyam, zirkon na Filato ma yana da nasa, akwai kuma torayit a cikin wasu kayan. Dukkansu suna fitar da tururin nukiliya wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. A cikin ƙasa a warwatse suke, amma tacewa tana tara su wuri ɗaya, don haka tarin yashin bayan shed ya fi ramin haƙa haɗari ta wannan fuska. Kada a ajiye buhunansu a ɗakin kwana ko shagon da ake wuni. Kada a yi bulo, yaɓe ko daɓe da wannan yashi, komai kyansa da arharsa, kada kuma a soya gyaɗa da shi. Ƙurar ce ta fi illa, domin idan ta shiga huhu tana zama. Mai aiki a teburin iska ko wurin tankaɗe ya sa abin rufe hanci na gaske mai tace ƙura, ba ƙyalle ba, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin shara, a wanke hannu kafin cin abinci, yara kuma su yi nesa da tarin. Safara da fitar da irin waɗannan kaya suna ƙarƙashin sa idon hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya.

Ramin loto shi ma yana da ƙa'idojinsa da ba a sassautawa. Injin jan ruwa mai fetur a sama yake zama, nesa da bakin rami, tiyo kawai ke sauka. Hayaƙinsa ba ya wari sosai a ƙasa, kuma yana kashe mutum kafin ya gane abin da ke faruwa. Ƙasar da aka fitar a zuba ta aƙalla mita biyu daga baki don kada nauyinta ya karya gefen. Inda aka bi ƙasar wanki a kwance, a bar ginshiƙai, kada a cinye su a dawowa don an ga baƙi a jikinsu. Bayan ruwan sama mai yawa a dakata, haka kuma kusa da tsofaffin tafkunan da kamfanoni suka bari, domin ruwansu yana ratsa ƙasa ya fasa cikin rami ba sanarwa.

Ta fuskar doka, dokar ma'adinai ta 2007 ta sa duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya. Yardar mai gona ko ta mai unguwa wajibi ce, amma ba lasisi ba ce. Ƙananan masu haƙa suna yin rajistar ƙungiyar haɗin gwiwa, su nemi izinin ƙaramar haƙa daga ofishin rajistar filayen ma'adinai, mai saye da mai ajiya kuma suna da nasu lasisin daban. Idan diga ta ci karo da kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu, a dakata a sanar da gidan tarihi na Jos. A ramin kuza aka fara tsintar irinsu a Nok a 1928, kuma sayar da su laifi ne.